Amanar Ɗiyanmu a Ƙarƙashin Rumfar Kara

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya ilimi ya zama haske, Ya sanya ƴaƴa su zama amana a wuyan iyaye da shugabanni. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu wasiyya da tsoron Allah, sa'annan muna yi muku. Abin da muke son mu tattauna a wannan fitowa ya shafi kowane gida a ƙaramar hukumar Gaffati da maƙwabtanta na gundumar Mirya, shi ne maganar ɗakunan karatun ɗiyanmu, da dukiyar da ake kashewa a kansu, da abin da ya kamata a fara da shi in kuɗi ba su isa a yi duka ba. Mun san akwai mai cewa wannan zance na ma'aikatan gwamnati ne, limami ba shi da ta cewa a ciki. Amsarmu ita ce, duk wurin da ake tara yaran Musulmi tun safe har azahar, kuma ake kashe dukiyar jama'a a kansa, to shari'a tana da magana a wurin, kuma mai mumbari ba shi da uzurin yin shiru.

Halin da muke ciki

Kowannenmu ya san yadda shekarar karatu take farawa a ƙauyukanmu. Hukuma tana buɗe makarantu a watan Oktoba, amma a wurare da yawa malami yana zuwa ya tarar da fili kawai da guntayen turaku. Sai an girbe gero, an yanke kara, an ɗauro shi, iyaye sun samu sukuni sun kafa rumfa, sa'annan karatu ya kankama, wani lokaci a Nuwamba, wani lokaci har Disamba. Daga nan hunturu ya shigo da ƙura da sanyi ta kowace kafa ta zana, yara suna zaune a kan rairayi, littafi a kan gwiwa. Da bazara ta ƙare, iskar farko ta damina ta taso a Mayu ko Yuni, rumfa ta kwanta, karatu ya watse. Yaron da aka rubuta masa wata tara a takarda, in ya samu shida cikakku ya gode wa Allah. A shekara shida ta firamare, abin da ya ɓace masa ya kai karatun shekara biyu, alhali jarrabawa ɗaya zai zauna da yaron birni wanda yake cikin ɗakin siminti.

Wannan hali ya game ƙasa baki ɗaya. A shekarar 2021 hukumomin Nijar da kansu sun bayyana cewa azuzuwan rumfa sun kai kimanin 36,000. Dalilin yawansu sananne ne: kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, yaran da ake kaiwa makaranta suna ƙaruwa kowace shekara, gini kuwa bai bi sawunsu ba.

Asarar watanni kuwa ita ce ƙaramar asara. Ranar 13 ga Afrilu 2021, daidai shigowar watan azumi, wuta ta kama azuzuwan rumfa a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, ƙananan yara kimanin 20 suka rasu. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba ta wannan shekara, irin wannan gobara ta tashi a wata makaranta a Maraɗi, aƙalla yara 25 masu shekara biyar zuwa shida suka riga mu gidan gaskiya. Bayan ta Maraɗi ne gwamnatin lokacin ta hana a sa yaran ajin share fage cikin rumfar kara. A watan Fabrairu na 2023 abin ya iso mu nan birnin Damagaram, yara uku suka tafi. Allah Ya jiƙansu, Ya sanya su masu ceton iyayensu, Ya ba iyayen haƙuri. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma babu rai da zai wuce kwanansa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mutum nauyin riƙo da sababi ba. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya umurci sahabbai da su riƙa kashe wuta kafin su kwanta. Ya karɓi hukuncin Allah, kuma a wannan zama ya kafa ƙa'idar rigakafi. Wanda ya tara yara sittin cikin busasshen kara mai ƙofa guda, a lokacin iska, kusa da murhun masu tuyar ƙosai, ya sani za a tambaye shi.

Darasi daga Madina

Akwai dattawa daga cikinmu da za su ce: mu da muka yi karatu a gindin itace, muka haddace Alƙur'ani da hasken wutar kara, mene ne na damuwa da gini? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma mu kanmu a zauren malam muka fara, kafin a kai mu madarasa. Tarihin Musulunci ma yana goyon bayan rabinta. Kafin Hijira, tun babu masallaci a Madina, Manzon Allah (S.A.W.) ya aika Mus'abu ɗan Umairu (R.A.) ya koyar da mutane Alƙur'ani, gida gida. Malami ya riga gini isa Madina. Da aka zo gina masallacin, da tubalin laka aka yi bangonsa, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, har ruwan sama yakan zubo a yi sujada cikin taɓo. A gefensa aka yi rumfar Suffa inda matalautan almajirai irin su Abu Huraira (R.A.) suke kwana suna koyon ilimi. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunan da ya iya rubutu kuma ba shi da abin fansa, an karɓi fansarsa da ya koya wa yara goma na Madina rubutu, alhali a lokacin Musulmi suna cikin tsananin buƙatar kuɗi.

Ga sauran rabin maganar. Rumfar Madina ba ta dawwama rumfa ba. Sayyidina Umar (R.A.) ya faɗaɗa masallacin, Sayyidina Usman (R.A.) ya sake gina shi da sassaƙaƙƙen dutse lokacin da Allah Ya buɗa wa al'umma. Waɗanda suka zo bayansu suka gina wa ilimi gidaje masu ƙwari, suka yi musu hubusi: Faɗimatu Al-Fihriyya ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas a shekarar 859, wanda ya zama matattarar ilimi har yau, aka kuma buɗe madarasar Nizamiyya a Bagadaza a shekarar 1067. Abin da muka fahimta daga wannan shi ne, magabata sun fara da malami da ɗalibi, suka zauna a rumfa lokacin da ba su da hali, kuma ba su bar ilimi a rumfa ba da hali ya samu. Bugu da ƙari, makarantar allo ta dā yara goma ko ashirin ce a sarari, kowa yana iya tashi ya gudu. Ajin rumfa kuwa keji ne na kara mai cike da ƙanana.

Mu mutanen Damagaram ba baƙi ba ne ga wannan. Wanda ya kafa gidan sarautarmu da laƙabin Malam aka san shi. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwar ƙasa wadda har yau ana ganin ragowarta, da hannun magina na ƙasar nan da laka ta ƙasar nan. Jama'ar da kakanninta suka iya wannan aiki bai dace a ce ɗakin karatu mai taga huɗu ya gagare ta ba.

Ma'aunin shari'a

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, wanda yake Bamalike ne ɗan Andalus da ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa maslahar mutane gida uku. Na farko larura, wato abin da rashinsa yake kawo halakar addini, ko rai, ko hankali, ko zuriya, ko dukiya. Na biyu buƙata, wato abin da rashinsa yake kawo ƙunci da wahala ko da bai kai ga halaka ba. Na uku ƙawa, wato abin da yake ƙara kyau da kamala. Ƙa'idar ita ce, in sun haɗu dukiya ta gaza, ba a gabatar da na uku a kan na biyu, ba a gabatar da na biyu a kan na farko. Mai riƙe da dukiyar jama'a kuma matsayinsa kamar na waliyyin maraya ne, ba ya kashe ta sai a inda ya fi amfani ga masu ita. Bari mu aza makarantunmu a kan wannan sikeli.

Na ɗaya, tsaron rai. Ɗaki mai bango da rufin da wuta ba ta lashewa cikin ƙiftawar ido, musamman ga ƙananan da ba su san hanyar gudu ba, larura ce. A makarantar da take da ɗakin gini biyu da rumfa huɗu, ƙanana ne ya wajaba su shiga ginin, ko da manya za su yi ƙorafi, ko da shugaban makaranta zai rasa ofis.

Na biyu, malami. A shekarar 2017 ma'aikatar ilimi ta yi wa malamai ƴan kwantaragi jarrabawar gwaji, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Binciken PASEC da ake yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ya nuna a 2014 cewa a Nijar, cikin yara goma da suke gama firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matsayin karatun da ake buƙata ba. A binciken 2019 an samu ci gaba, suka kai kimanin uku cikin goma, wato bakwai suna fita ba su iya karanta abin da ke gabansu da fahimta ba. Ba mu kawo wannan don muzanta malamai ba. Saurayin da aka turo ƙauye bayan horo kaɗan, albashinsa ɗan ƙanƙane, sai ya yi tafiya zuwa birni kafin ya karɓe shi, ba shi da ɗakin kwana sai wanda aka ara masa, an zalunce shi kafin ya zalunci kowa. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta wa malami karɓar lada a kan koyarwa, kuma tun ƙarni na uku bayan Hijira Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan ya keɓe littafi guda a kan ladubban malaman yara da haƙƙoƙinsu. Kuɗin da aka kashe wajen horar da malami, da biyansa a kan lokaci, da ba shi masauki, sun fi kuɗin fenti albarka nesa ba kusa ba. Ɗaki mai kyau da babu malami a ciki, ƙarshensa a zuba harawa.

Na uku, ruwa da makewayi. Mu da muke koya wa yara tsarki a farkon darasin fiƙihu, ya kamata mu fi kowa jin kunyar makarantar da ba ta da randa, ba ta da bayan gida. Iyaye mata sun sani, ko da ba su faɗa a taro ba, cewa yarinya in ta fara girma kuma babu wurin da za ta suturta kanta, daina zuwa take yi. A 2017 gwamnati ta kafa dokar kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16, a 2021 kuma aka buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle cikin gundumar Gure. Amma ƴar ƙauyenmu abin da zai fara riƙe ta a aji shi ne makewayi mai ƙofa, na mata daban, na maza daban. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ƴarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin ƴan taru, ta riƙa aika jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Wanda ya ce karatun mace baƙon abu ne a ƙasar Hausa, ya koma ya bincika.

Na huɗu, abin zama da allo da littafi, da harshen da yaro yake ji. Tun 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a birnin Damagaram, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali da harshen uwarsa ya fi saurin buɗe ido, daga nan Larabci da Faransanci su zo masa da sauƙi. Wannan yana buƙatar littattafai a hannun yara, kuma kuɗin ƙofar ƙarfe guda mai ado sun isa su sayi masu yawa.

Bayan waɗannan ne ake zuwa ga katanga mai tsawo, da babbar ƙofa, da ofis mai kujeru, da allon suna, da bikin buɗewa. Ba mu ce haramun ne ba, mun ce ƙawa ne, kuma ƙawa a sahun baya take. Mun ga yadda aka ƙawata birnin Damagaram a 2018 don bikin 18 ga Disamba, aka shimfiɗa hanyoyi aka ta da gine-gine, kuma mun san tun 2011 matatar mai ta Soraz take aiki a jiharmu. Muna gode wa Allah a kan kowane alheri. Amma haƙƙinmu ne mu tambaya cikin ladabi: ƙasar da ta iya waɗannan, me ya sa yaron da ke tafiyar sa'a guda daga fadar Sarki yake jiran a yanke kara kafin ya fara karatu?

Rijiya ta bayar, guga ya hana

Ya ku ƴan'uwa, ba kullum ne rashin kuɗi yake hana mu ɗakuna ba. Mun taɓa tsayawa a gaban wani aji, ba za mu ambaci wuri ba, wanda aka gama a rani, aka yi taro aka yi tafi, damina ɗaya ta kwashe kwanon, bango ya tsage har hannu yana shiga. Mun murza bulon da yatsa ya zube kamar garin tuwo. An rage siminti, an rage ƙarfe, an sa azara marar ƙwari, wanda aka aiko ya duba aiki ya sa hannu ya karɓi goronsa. Yara suka koma rumfa a gefen kangon, a takarda kuwa ƙauyen yana da aji.

Akwai mugun zato da ya yaɗu tun zamanin Nasara, cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Gaskiyar magana na kowa ne: harajin kasuwa ne, da kuɗin fito, da arzikin ƙarƙashin ƙasa, da bashin da jikokinmu za su biya. Wanda ya saci kayan mutum guda yana iya nemansa ya roƙi gafara, amma wanda ya ci simintin makaranta, wa zai nema, wa zai bari? Manzon Allah (S.A.W.) ya taɓa aika wani mutum karɓar zakka, da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka a bainar jama'a, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da babu wanda zai kawo masa kyautar, ya kuma yi gargaɗin cewa mai ha'inci zai zo Ranar Alƙiyama yana ɗauke da abin da ya ci a wuyansa. To ɗan kwangila, da mai sa hannu, da mai unguwar da ya gani ya kau da kai, da ɗan kwamitin da ya sayar da buhu biyu a kasuwa, kowa ya auna nauyin buhun siminti a wuyansa. Hajji da Umra ba su wanke haƙƙin bayi, sai an mayar.

Abin da ya hau kanmu

Nauyin gina makarantar gwamnati a kan hukuma yake tun farko, kuma tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na sha'anin ilimi, da lafiya, da ruwa. Saboda haka zuwa ofishin ƙaramar hukuma a tambayi aji nawa aka tsara wa ƙauye a kasafin shekara, da wa aka ba aikin, da ranar gamawa, nasiha ce ga shugabanni, kuma nasiha tana cikin addini. A je da takarda, a je da dattawa, a yi magana ba zagi ba hayaniya. Amma yaron da ya kai shekara bakwai bana ba zai tsaya yana jiran kasafin baɗi ba. Ilimin da jama'a ba ta wadatuwa sai da shi, kamar likitanci, da ungozoma, da lissafi, da aikin ruwa, farilla ce ta kifaya, in babu wanda ya tsaya da ita duk gari ya yi laifi. Matanmu suna kukan rashin likita mace a asibiti, kuma likita mace daga ajin farko take fitowa.

Ya zama dole mu yi bayani a kan tambayoyi biyu da aka kawo mana. Wasu sun ce a ɗauki zakkar hatsi ta bana a gina aji. A mazhabar Imam Malik wannan bai halatta ba, domin zakka tana da masu ita guda takwas da Allah Ya ƙididdige, ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Wasu kuma sun ce a karkatar da kuɗin da aka tara don ƙara tsawon hasumiyar masallaci. Wannan ma ba ma yin sa da ra'ayinmu, domin abin da aka bayar da sunan masallaci sharaɗin mai bayarwa ake bi. Amma muna faɗa wa masu niyyar bayarwa nan gaba, da ƴaƴanmu da ke ci-rani a Kano, da Legas, da Agadas, da Libiya, da Aljeriya: masallacinmu yana da rufi, yana da tabarmi, yana da lasifika, kiran salla yana kaiwa ƙarshen gari. Ƙarin tsawon hasumiya ƙawa ne, ɗakin ƙananan yara larura ne. Ilimi mai amfani da sadaka mai gudana suna cikin abubuwan da ladansu yake bin mutum kabari, kuma ɗakin karatu ya haɗa su duka biyu.

Kada tsadar siminti ta karya mana gwiwa. A garin Dandaji na jihar Tawa, a 2018, an gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse, aka gyara tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu na gari, magina na yankin ne suka yi aikin tare da masana. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, mutanen gari sun gina makarantar firamare da laka a 2001 tare da ɗansu Francis Kéré, ginin da ya samu lambar yabo ta duniya. Ginin ƙasa in an yi masa tushe na dutse da rufi mai kyau da indararo, ya fi kwano sanyi a bazara, kuma wuta ba ta cin sa kamar kara.

Saboda haka muna kira ga kowane masallacin Juma'a da na unguwa a yankinmu da ya yi waɗannan abubuwa.

Na farko, limami da mai gari da kwamitin kula da makaranta da wakilan iyaye mata su zaga makarantar garinsu, ta boko da madarasa da ta allo, su ƙirga ɗakuna da rumfuna da yara, su rubuta.

Na biyu, duk rumfar da ba a samu halin maye gurbinta ba bana, a yi mata ƙofa biyu masu faɗi, a raba ta da ƴar'uwarta da tazara, a share ciyawar kewaye, a nisantar da masu tuya, a ajiye yashi da ruwa kusa, kuma kada a bar ƙanana ciki ba babba ko na ɗan lokaci.

Na uku, a lokacin kaka kowane magidanci ya ba da dami guda na gero sadaka, ban da zakkarsa, mai hali ya ƙara. A sayar a sayi abin rufi da ƙofofi da tagogi. Samari su yi gayyar buga tubali a lokacin sanyi, masu amalanke su kawo dutse da ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nemi shawarar ma'aikatan ilimi a kan awo da wurin gini kafin a haƙa tushe, don kada a yi aikin da za a rushe.

Na huɗu, kuɗi kada su kwana a aljihun mutum ɗaya, ko da limami ne. A sa mutum uku amintattu, a rubuta shiga da fita, a karanta lissafi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ta farkon kowane wata. Mun fara da kanmu: duk wanda ya ga mun kauce, ya tsayar da mu a gaban jama'a.

Na biyar, a ba malamin da aka turo masauki na mutunci, a girmama shi, a kuma lura da zuwansa aji. In yana fashi a yi masa nasiha a asirce, in ya ƙi a kai maganar ga shugabanninsa. Iyaye kuma su sani, wanda ya janye ɗansa daga aji don kiwo, ko ƴarsa don talla, ya rushe da hannunsa abin da gari ya gina.

Ya Allah, Ka tsare mana ɗiyanmu daga wuta da ruwa da cuta da jahilci. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ka shiryi shugabanninmu, Ka haɗa su da mashawarta na ƙwarai, Ka sanya tsoronKa a zukatan masu riƙe da dukiyar jama'a. Ka yi wa malamanmu albarka, na zaure da na madarasa da na lakwal. Ka ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu da sauran ƙasashen Musulmi. Abin da muka faɗa daidai daga gare Ka yake, kuskure kuwa daga gare mu, muna neman gafararKa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.